Tambayi Likita: Wata ya kusa kamawa, kuma a gida za a haihu

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato haihuwar gida. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne, na fi son kowace mace ta sauka a hannun ma'aikaciyar jinya. Amma na san mafi yawan matan Sakkwato a ɗaki suke haihuwa, kuma faɗa da tsawa ba su taɓa canza hakan ba. Don haka gara mu yi maganar yadda take.

Tambaya: Likita, cikina wata takwas, wannan haihuwa ta huɗu. Ukun farko duk gida na haife su lafiya lau. Mi ya kamata in tanada? (Daga Mabera)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kafin ki sayi ko reza, koma awo ki tambayi abu huɗu: yaya ɗan yake kwance, ɗaya ne ko biyu, jininki ya isa, kuma awon hawan jini nawa ya nuna. Idan ɗan a gicciye yake ko a zaune, ko tagwaye ne, ko jininki ya yi ƙasa, ko awon ya kai 140 bisa 90, to maganar gida ta ƙare. Haka ma idan an taɓa yi miki tiyata, ko kin taɓa zubar da jini sosai bayan haihuwa, ko kina da sikila ko ciwon suga. Haihuwa uku lafiya abin godiya ne, sai dai kowane ciki da halinsa, kuma mahaifar da ta sha ɗauka takan yi kasalar tsukewa, musamman daga haihuwa ta biyar zuwa sama.

Idan komai ya yi daidai, kayan ba su da yawa. Sabuwar reza da ba a buɗe ba, zaren ɗaure cibiya da aka tafasa ko maƙalin roba na asibiti, sabulu, safar hannu, leda mai faɗi ta shimfiɗa, zannuwa wankakku aƙalla huɗu da aka shanya a rana, audugar mata, hular jariri, da fitila mai caji. Ki haɗa su a jaka ɗaya tare da katin awonki, tun cikin yana sati 36.

Tanadin da ya fi waɗannan duka shi ne wanda ba ya shiga jaka. Wa zai kai ki asibiti ƙarfe biyu na dare? Maigida ya yi magana da mai mota ko mai Keke Napep tun yanzu, ya riƙe lambar mutum biyu, don ɗaya zai iya kashe waya. A ware kuɗin mai da na magani a wurin da ba za a taɓa su don cefane ba. A san ’yan’uwa biyu da za su iya ba da jini. Sannan abin da mutane ke jin nauyin faɗa: maigida ya ba da izini tun yau, a gaban uwarsa da ungozoma, cewa in abu ya rikice a tafi da ke ko yana kasuwar Illela. Na sha ganin matar da aka kawo a makare, asibiti na kusa, mota na ƙofar gida, ana zaman jiran mai gida ya dawo ya ce a tafi. Ke da kike cikin gari, Asibitin Ƙwararru da na Maryam Abacha da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) duk ba su yi miki nisa ba. Ki zaɓi ɗaya, kowa a gidan ya san shi.

Tambaya: Matata shekararta 17, cikin fari ne. Ta tafi goyon ciki gidansu a wani ƙauye na Gwadabawa, surukata ta ce a ɗakinta za ta haihu kamar kowa. Ina jin nauyin yi mata musu.

Amsa: Malam, wannan ba ta cikin waɗanda zan yarda su haihu a gida. Cikin fari ba a san faɗin ƙugu ba sai an gwada, ga ƙuruciya, ga jijjiga da ta fi kama masu cikin fari. Ga kuma kunya: yarinya takan danne ciwo ta yi shiru yini guda don kada a ce ta yi raki, kafin a farga naƙuda ta yi nisa. Idan kan ɗa ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara, naman wurin yakan mutu, bayan ’yan kwanaki fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan, kuma sashen da ke gyaransa a asibitin Maryam Abacha ba ya rabo da irin waɗannan yara. Yankan gishiri da ake yi wai don a buɗe hanya ba ya buɗe komai, ƙashi ne ya tare, rezar kuwa mafitsara take samu.

Ba sai ka yi musu da Inna ba. Ka je da kanka ka gaishe ta, ka ce likita ne ya ce, ka roƙe ta ita ce za ta raka ’yarta ta zauna kusa da ita. In akwai dangi a cikin gari ko kusa da babban asibiti, yarinyar ta koma can da zarar wata tara ya kama. Wankan jego kuma a dawo a yi shi a ɗakin Inna, ba wanda ya ƙwace mata wannan.

Tambaya: Ni ungozoma ce. An ba mu ƙwayoyi uku na tsayar da jini. Wasu na cewa in an ba mace tun tana naƙuda haihuwa ta fi sauri. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki gwada. Maganin sunansa misoprostol, ƙwaya uku, kowace microgram 200. Aikinsa matse mahaifa da ƙarfi. In ɗa na ciki aka matse ta haka, tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa. Ana ba da shi ne bayan jariri ya fito, kin shafa cikin kin tabbatar babu na biyu. Zai iya sa ta rawar sanyi ko zazzaɓi na ɗan lokaci, wannan yakan wuce. Allurar naƙuda da wasu masu kemis ke zuwa yi har gida ita ma haɗarinta ɗaya ne.

Bayan ta sha, kada ki ja cibiya don mabiyiya ta fito. A sa jariri a nono, ta yi fitsari, ki riƙa murza ƙasan cibiyarta har ki ji mahaifar ta yi tauri kamar ƙwallo. Idan mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, ku fara shirin tafiya. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, ya wuce ƙa'ida. Zani ya jiƙe sharkaf, ko ta ce tana ganin jiri, ko gumi mai sanyi ya karyo mata, ku ɗauke ta nan take kina murza cikin a hanya. Zubar jini na iya kashe mace cikin awa biyu. Sauran alamun tafiya: naƙuda ta wuce awa 12, faya ta fashe ba naƙuda, ruwan ya fito kore ko da wari, hannu ko ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa.

Tambaya: Saura sati uku in haihu, fuskata da hannuwana sun kumbura, kaina na sara, idona na ganin wuta-wuta. An ce zaƙi ne.

Amsa: Ba zaƙi ba ne, kuma kada ki tsaya shan jiƙo. Yau ɗin nan ki je a auna jininki da fitsarinki, kada ki jira ranar awo. Waɗannan alamun jijjiga ne ke sallama.

Tambaya: In an haihu a gida, yaya za a yi da cibiya da wanka? Kakarsu ta ce sai an gasa.

Amsa: A jira minti ɗaya zuwa uku kafin a ɗaure a yanke, da hannu wankakke. A goge jariri tas da busasshen zani, a canza wani, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula. In bai yi kuka ba a goga bayansa da zani, ban da watsa ruwan sanyi, ban da riƙe shi ta ƙafa kai a ƙasa. Wanka ya jira sai ya kwana ɗaya, balle lokacin hunturu. Ya kama nono cikin awar farko, kuma daƙashi ba dauɗa ba ne, rigakafinsa ne na farko.

Cibiya kuwa ba ta buƙatar gashi, ko toka, ko man goge baki. Man chlorhexidine ake shafawa sau ɗaya a rana, tun daga ranar haihuwa. A kula, na cibiya ne kawai, in ya shiga ido yana makantarwa. Kafin a cika awa 24 a kai uwa da ɗa asibiti mafi kusa a duba su, a yi masa allurar rigakafin tarin fuka (BCG) da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna.

Ku gaya wa Kaka ruwan wankan jego ya zama mai ɗumi, ba mai salɓe fata ba, kunun kanwa kuma a rage masa kanwa sosai. Gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, kuma ciwon zuciyar masu jego ba baƙo ba ne a asibitocinmu na Sakkwato. Mai jegon da ta fara haki in ta kwanta, ko tari da dare, ko ƙafafunta suka kumbura, a kawo ta ko ba a yi suna ba.