Me ya sa kwamfuta ta ɗauki wake a matsayin ciyawa?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa kwamfutar ta yi wa wake jar alamar ciyawa a gonar da muka ɗauki hotonta jiya da jirgi mara matuƙi, amma harkiyar da ke gindin masara ba ta ko lura da ita ba.

Jirgin dai hoto kawai yake ɗauka. Ita kuwa manhajar, abin da aka nuna mata shi ta sani. An horar da ita da hotunan gonakin da ake shuka iri ɗaya layi-layi, don haka duk koren da ta tarar tsakanin layuka sai ta kira shi ciyawa. Mai gonar nan kuwa da hannunsa ya shuka waken a tsakani. Gyaran yana wuyanka. Zauna da hotunan ka zagaye ganyen wake ka sa masa suna, ka zagaye harkiya, kirikiri, aya-aya, kowanne da nasa, na jigawa da na fadama, ɗaruruwa. Akwai gajiyar ido, na sani, amma wanda bai san ciyawa a ƙasa ba ba zai iya koya wa na'ura ita ba.

Batun harkiya, matsalar ita ce ka ɗaga jirgin da yawa. A mita 100, ɗigo ɗaya na hoton kyamararmu yana cinye kusan santimita uku na ƙasa, siririn ganye sai ya narke cikin koren masara. Sauko mita 15 ko 20. Batir zai riƙa ƙarewa kafin ka gama, shi ya sa nake sa ka cika duka tun dare. Ka tayar da jirgin da tsakar rana, lokacin da inuwa ta gajarce, kuma kafin noman firi, tun ganye bai haɗe ba.

Ƙuduji shi ne ya fi damuna. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake tsotson saiwar dawa da masara, kafin furensa ya bayyana a hoto ya riga ya yi ɓarna. Duk da haka kada ka raina taswirarsa. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwantawa a ƙasa fiye da shekara 10. Ka nuna wa manomi wurin ya tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, baɗi ya sa waken suya ko gyaɗa a gurbin.

Gobe za mu koma gonar da ƙafa, hoto a hannu, mu bi kunya-kunya.