Digirin masters ba ya ba ka izinin taɓa haƙorin kowa a Ingila

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Landan cikin damuwa. Ya yi karatun likitan haƙori a gida, ya yi aiki shekara uku, yanzu yana aikin kula da tsofaffi. Wani ejan ya ce masa in ya biya kuɗin masters na shekara ɗaya, zai fara duba marasa lafiya. Yayansa kuma kullum kira yake: "An sayar da gona an karantar da kai, me kake jira?"

Ƙanena, kada ka ba ejan ɗin nan ko sisi. Jami'a ilimi take bayarwa, amma rajistar aiki tana hannun GDC kaɗai, wato hukumar da ke kula da likitocin haƙori a Birtaniya. Wanda ya yi aikin haƙori ba rajista ya aikata laifi a dokar likitocin haƙori ta 1984. Na ga wanda ya ci bashi ya yi masters ɗin nan, ranar da ya karɓi takardarsa ya kai ta wani asibitin haƙori, tambayar farko da aka yi masa ita ce lambar rajistarsa. Ya fito idonsa jajur, ejan kuwa ya daina ɗaukar waya. In ejan ɗinka ya ce maka ka shiga ta ƙofar rajistar masu wanke haƙori da digirinka na likita, ka sani an rufe wannan ƙofa tun Maris 2023.

Hanyarka ita ce ORE, jarabawar rajista ta likitocin haƙori da suka yi karatu a ƙasashen waje, ko jarabawar LDS ta kwalejin likitocin tiyata ta Ingila. ORE kashi biyu ce: rubutu a kwamfuta, sai gwajin hannu, inda za a ajiye maka kan roba ka gyara haƙori masu jarabawa suna kallonka. Ana neman shaidar awa 1,600 na duba marasa lafiya, don haka tun yau ka nemi tsofaffin shugabanninka su rubuto maka. Sau huɗu kake da damar gwada kowane kashi, kuma daga ranar da ka fara zama kashi na farko, shekara biyar gare ka ka gama. Gurbin zama yakan ƙare cikin mintuna, shi ya sa nake cewa kada ka kunna wannan agogo sai kuɗin kashi na biyu yana hannunka. Bayan rajista ma, aiki a NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, yana buƙatar lambarsa daban.

Maganar yayanka ta fi damuna. Gonar da aka sayar hakki ce a wuyanka, ban musa ba. Amma gaggawar da yake tura ka ita ce za ta salwantar da ita. Ka kira shi da ladabi, ka ce, "Yaya, hanyar nan za ta ɗauki shekaru, kuma zan rage abin da nake turowa har in ci jarabawa." Kuɗin magani na Mahaifiya kada ka taɓa shi. Gudummawar biki da suna kuwa su jira. In ya ƙi ji, ka sa wani dattijo da yake jin kunyarsa ya yi masa bayani, kai kuma ka tura masa shafin GDC ya karanta da idonsa.