Ya aka yi laftof ɗin ta san muna Kano?

Yaro, tambayar da ka yi min jiya bayan la'asar da muka gama ɗora Windows 11 a laftof ɗin nan ta Hajiya, ka ce Oga ya aka yi ta nuna yanayin garin Kano alhali ba GPS a cikinta ba layi, mutane ne suka cika shago ban samu na amsa ba. To saurara.

Wayfai ne. Duk wata rawuta, wato na'urar da ke raba wayfai, da ke kewaye da mu a nan Farm Centre tana da lambarta da ba ta canzawa, ko ba ka jona da ita ba na'urar tana jin ta, sai Windows ta tura lambobin can wajen Microsoft su duba a taswirarsu su ce ai wannan tana wuri kaza, ga kuma adireshin intanet da shi ma yake nuna gari. Waya kuwa har da ƙarfen sabis.

Kuma kar ka ɗauka kashe lokeshan, wato saitin da ke nuna inda na'ura take, shikenan. A 2011 aka gano iPhone tana ajiye wuraren da mai ita ya bi na wata da watanni a wani fayil da ba a kulle ba, in ka jona da kwamfuta ya kwafu, sai da aka yi ca sannan Apple suka gyara. A 2018 kamfanin labarai na AP ya bankaɗo cewa Google na ci gaba da ajiye inda mutum yake ko ya tsayar da tarihin wuraren, saboda akwai wani saitin daban da yake kunne, ƙarshe a 2022 suka biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5. Mu ma nan an sa hannu a dokar kare bayanan mutane a 2023.

Abin da yake damuna wallahi ba su ba ne, hannunka ne. Ina kallonka in kana yi wa na'ura saitin farko, danna-danna kawai kake kana cewa eh ga komai don ka gama da wuri, kuma a shafin nan ne ake tambayar izinin lokeshan. Ka amince a madadin mutumin da bai san an tambaye shi ba, wanda gidansa da makarantar yaransa da asibitin da matarsa take zuwa awo duk za su iya zama a akawun ɗinsa, duk wanda ya samu faswad ɗin ya gani. Amana aka kawo mana.

Ban ce ka kashe wa kowa ba fa, da kwacen wayar da ake fama da shi a garin nan wani zai fi so a bar masa a kunne don abin nemo na'ura in ta ɓata sai da lokeshan yake aiki. Mai abu ne zai zaɓa, kai ka yi masa bayani, sannan ka shiga saitin ka cire wa manhajojin da ba ruwansu da inda mutum yake, tocila me za ta yi da shi?

Anjima in direban Hajiya ya zo kar ka ba shi laftof ɗin tukuna, ka kira ta ka tambaye ta.