Tambaya da Amsa: Me ake nufi da "induct"?

Tambaya: Ƙanena ya gama karatun likita, an aiko mana da katin gayyata cewa za a yi musu "induction". Na ɗauka bikin yaye ɗalibai ne, sai aka ce mini daban ne. Mene ne ma'anar "induct", kuma yaya ake sa ta a jimla?
Wata mai karatu, Zariya

Amsa: Malama, gaskiya aka faɗa miki. Bikin yaye ɗalibai na jami'a ne, ita ke ba da digiri. Wannan kuwa da hannun hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, wato MDCN. A ranar ne sababbin likitoci ke yin rantsuwar aiki, a ba su rajistar wucin gadi, sannan su tafi horon shekara ɗaya a asibiti.

"Induct" na nufin shigar da mutum cikin ƙungiya ko sana'a a hukumance, galibi da biki a bainar jama'a. Mutum ba ya yi wa kansa, hukuma ce ke yi masa, shi ya sa aka fi jin ta da sigar "an yi masa": "He was inducted into the medical profession." Ki lura da "into", ita ce ke bin ta idan za a ambaci ƙungiyar, ba "to" ba. In matsayin da aka ba mutum za a faɗa, sai a sa "as": "She was inducted as a fellow."

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rikita ta da "induce", domin sigar suna (noun) ta duk biyun ɗaya ce, "induction". Ita "induce" jawo abu ne ko jan ra'ayin mutum, kuma a asibiti da ita ake faɗin tayar wa mai ciki naƙuda da magani. Wanda ya rubuta "my brother was induced" a saƙon taya murna ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Haka "initiate": a ƙasar nan kunnen mutane ƙungiyar asiri yake jiyowa, gara a kauce mata.

Ba kowane shiga ne "induct" ba. Lauyoyi "called to the Bar" ake ce musu, gwamna kuma "sworn in". A Amurka kuwa ana amfani da "induct" har ga wanda aka ɗauka aikin soja na dole.