Giyar motata ta fara fizga, in gyara ko in sayar?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ne ya turo min wannan tambayar. Yana sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari yana bin kasuwanni da su, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. Motarsa Corolla ce ƙirar 2005 otomatik, tokumbo ya saye ta tun shekarun baya. Yace kwanan nan in ya saka giya sai yaji ta fizge shi, in ta yi zafi a hanya kuma sai ta riƙa jinkiri kafin ta canja. Makanike ɗaya yace a juye man giya, na biyu yace kar ya kuskura ya taɓa man nan, na uku yace kawai a je Ƙofar Ruwa a ɗauko wata giyar tokumbo a ɗora. Shi kuma duk abin da zai kashe daga jari zai zara, har ya fara tunanin ya sayar da ita ya huta.

Toh Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin mu shiga gareji bari mu fara tsayawa a shago tukuna, domin ni abin da ya fi damuna a saƙonka ba fizgar giyar bace, wannan maganar da kayi ce ta cewa daga jari zaka zara. Motar nan ita ke kai kayanka kasuwa, kenan kayan aikin sana'a ce, kuma duk zuwa Maigatari da dawowa tana cin taya da birki da baƙin mai ko ka biya a ranar ko baka biya ba. Yawancinmu kuɗin fetur kawai muke cirewa mu kira sauran riba, ranar da inji ko giya ya tsaya sai muce tsautsayi ne, alhali bashi ne da ya daɗe yana taruwa. Daga wannan satin ka ware wa motar nata kason a duk fita, ko a asusun banki daban ko adashi, wanda ba ka taɓa shi don cefane ko biki. Nawa? Ka zauna ka tuno duk abin da ka kashe mata a shekarar da ta wuce har da taya da batir da takardu, ka raba da yawan fitar da kayi, ka ɗan ƙara wani abu a kai saboda tana ƙara tsufa kuma kaya na ƙara tsada. A ce misali dubu 600 ka kashe kuma ka fita sau 150, kaga kowace fita dubu 4 ce ta mota. Wannan kuɗin yana cikin tsadar kayanka, in baka saka shi a lissafin farashin turmi ba to kai kake biya wa kwastoma.

Yanzu maganar giya. Kar ka sayi komai sai an gano ciwon, dan Allah ka riƙe wannan. Abubuwa da yawa suna kama da lalacewar giya alhali giyar lafiyarta ƙalau. Robobin da ke riƙe inji in suka mutu, da ka saka D ko R zaka ji mota ta buga kamar an daki bayanta. Filogi ko koyil in ya fara mutuwa mota tana fizga a hanya musamman in ka taka ta da lodi. Akwai kuma sulunoyid a cikin giyar wanda shi ke buɗe wa mai hanya, in ya samu matsala canji yana jinkiri, kuma ana canja shi ba tare da an sauke giya gaba ɗaya ba. Duk waɗannan kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin giya ba. Saboda haka ka fara kai ta wajen mai na'urar sikanin ya jona mata kwamfuta, ka biya shi kuɗin dubawa kawai, ka ɗauki hoton lambobin da ta nuna da wayarka kafin ya goge su. Kuma ya zama mai dubawar ba shi ne mai sayar da giya ba, wanda zai ci riba in ka sayi giya ba shi zaka tambaya ko kana buƙatar giya ba.

Man giyar kuwa kai da kanka zaka iya dubawa, Corolla ta wannan shekarar tana da sandar awon man giya. Ka ɗan zaga da ita ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ka bi da giyar ta kowane matsayi sannan ka mayar P, ka zaro sandar ka goge da farin ƙyalle ka mayar ka sake zarowa. Man ya kasance a tsakanin alamar HOT. In ya yi ƙasa to akwai inda yake yoyo, kuma ƙarancin mai kaɗai ya isa ya kawo jinkirin nan da kake ji. Sai launi, mai lafiya ja ne, wanda ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, wanda ya ƙone kuwa baƙi ne kuma zaka ji ƙaurinsa a hanci. Masu Honda ku kuma naku a kashe ake dubawa da zarar an kashe injin, kar ku ɗauki wannan ku tafi da shi.

Makanikenka na biyu da yace kar a taɓa, ba ƙarya ya shara ba gaba ɗaya, akwai inda maganar ta samo asali. Giyar da kulocin cikinta ya riga ya cinye, garin da ya zuba a cikin tsohon man yana ɗan taimaka mata ta kama, in aka wanke tas aka zuba sabo sai ta fara sulɓewa, sai ace sabon mai ne ya kashe ta alhali dama ta mutu saura binnewa. To amma wannan ga giyar da manta ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri ne. In naka ruwan ƙasa ne kawai ba ƙauri, ni shawarata a kwance noti a tsiyaye abin da ya fito a mayar da daidai adadinsa, kusan rabin man ne ke fitowa ta haka, sauran yana maƙale a ciki. Kayi tafiya da ita na wasu makonni ka sake yin haka. Wannan a hankali yake sabunta man. Wankin giya da inji mai tura mai da ƙarfi kuwa ban ba ka shawara ba a mota mai wannan shekarun wadda ba ka san tarihinta a Amurka ko Turai ba. In za'a sauke farantin ƙasa ma ya fi, a duba maganaɗisun da ke ciki, laushin baƙin gari kaɗan ba komai bane, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe da idonka to ka fara tara kuɗin giya.

Sannan wane mai za'a zuba, nan ne mutane da yawa ke kashe giyarsu da kuɗinsu. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Corolla ta 2003 zuwa 2008 Type T-IV take sha, a jikin sandar awon ma yawanci an rubuta, Toyota na baya-baya da yawa WS suke sha, Honda kuma nata daban, DW-1. Man da ake aunawa a kwalbar ruwa a bakin titi kar ya shiga motarka ko kyauta ne. Ka je da ƙafarka wajen dila da aka sani ka sayo a rufe, ka tsaya a gabanka a buɗe a zuba, jabu ya yi yawa a kasuwa kuma galan ɗin ma kwaikwayonsa ake. Bayan haka duk kilomita dubu 40 zuwa 50 ka maimaita, tunda kai kullum cikin lodi da zafi kake. Ka lura in motar daga Amurka ta zo mil take ƙirgawa ba kilomita ba, mil 1 kusan kilomita 1.6 ne.

Abin da ke kashe giyar otomatik a ƙasarmu zafi ne, kuma a irin motarka man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Kenan duk wasan da aka yi da lagireto giya ma tana biya. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa yana kawo tsatsa ya toshe hanyoyi, ruwan lagireto na galan shi ne daidai. Cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye da makanikai ke yi wa tokumbo da yawa in sun shigo wai don ƙasarmu da zafi, ni ban yarda da shi ba, inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, yana ƙara shan mai, kuma yana ɓoye ainihin ciwon da ya sa take zafi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 duk litar da ta tafi a banza daga ribarka ta fita. In ka taɓa zaro sandar giya ka ga man ya koma kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, kar ka ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin titi.

Baƙin mai duk kilomita dubu 5 tare da filta, littafin motar 5W-30 ya ce, in an daɗe ana zuba mata mai kauri kuma tana shan mai to ku tattauna da makanike mai hankali, amma ko wanne ne ka riƙa duba sanda duk sati. Filtar iska lokacin hunturu ƙura na cika ta da wuri. Injinka sarƙar taimin yake da ita ba bel ba, don haka wanda yace maka lokacin canja taimin bel ya yi ka san da wa kake magana. Taya ka duba lambobi huɗun ƙarshe na layin rubutun da ya fara da DOT a jikinta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, taya tokumbo mai kyan ido tana iya zama tsohuwa tukuf. Birki da taya ba'a jira da su sai kasuwa ta yi kyau. Fenti da ƙarar ƙofa da rediyo su jira.

Halin tuƙi ma kuɗi ne wallahi. Dilolin atamfa nauyi gare su, Corolla kuma ba a-kori-kura bace, in but ya cika kujerar baya ta cika har mota ta zauna a kan tayoyinta to giya ce ke ɗaukar wahalar, gara ka rage ka ba motar haya sauran. Kar ka saka R mota na gangarawa gaba, ka tsaya cak tukuna. In zaka faka a gangare ka ja hambirki kafin ka saka P. In ta mutu a hanya ba'a tura otomatik ta tashi, kuma kar a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa, famfon man giya baya aiki in inji a kashe yake, kuɗin janwe ya fi kuɗin giya sauƙi nesa ba kusa ba.

To a ce an duba an tabbatar giyar ta tafi, a gyara ko a sayar? Nan lissafi ne ba fushi ba. Motar da giyarta ke fizga dillalai za su taya ta a wulaƙance, su cire kuɗin giya har da ƙari, ga la'ada. Sannan cikon da zaka yi ka sayi wata, tun da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 kuɗin tokumbo ya yi sama sosai, abin da kuɗinka zai iya kamawa wata tsohuwar ce da wani ya gaji da ita ya kawo kasuwa, tsugune ba ta ƙare ba an sayar da kare an sayi biri. Taka ko ba komai ka san ciwonta. Kuma cikon nan in ka bar shi a atamfa yana juyawa duk sati, ka lissafa ribar da zai kawo a shekara, ita ma asara ce in ka binne shi a mota. Ni a wajena in inji lafiya yake baya hayaƙi baya zafi, ƙasan motar bai ruɓe ba, takardunta na kwastan cikakku ne, to ɗora giya ya fi. Inda zan ce ka rabu da ita shi ne in inji da giya duk suna neman kuɗi lokaci ɗaya, ko in ka haɗa gyaran shekara da ranakun kasuwar da ta sa ka rasa ka ga sun haura abin da zaka biya in shatar mota kake ɗauka.

In zaka sayi giyar, ka tafi da makanikenka, a duba lambar jikinta ta dace da taka, a zaro man cikinta a gani, ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit da sharaɗin canji in bata yi ba, kuma a ɗora ta da wuri kar kwanakin su ƙare tana ajiye a gareji. A wanke layin da ke zuwa lagireto kafin a haɗa, kar dattin tsohuwar ya shiga sabuwar. Masu cewa a mayar da ita manuwal kuma ka bar su, aikin yana taɓa wayarin da kwamfutar mota, kuma ranar sayarwa mai saye zai rage maka kuɗi a kai.

In ka samu lambobin sikanin da launin man ka turo min, sai mu ga ko kuɗin da ke hannunka zai isa ba tare da ka taɓa kayan shago ba.