Gugan Gida da Tekun Yuropa

Ɗana Habibu, saƙonka ya iso. Ka ce da ka je gida hutun Sallah, Gwaggo ta daka maka tsawa don ka ɗaura wa bokitinka igiya za ka zura a rijiya, shi ne kake tambaya ko camfi ne. Ba camfi ba ne. Rijiyar gida guganta ɗaya, a rataye yake kwana, ba ya taɓa ƙasa. Bokitinka kuwa wa ya san inda ya zauna? Wajen wanki, bakin makewayi, turken awaki. Ka zura shi, abin da ke gindinsa ya shiga cikin kowa, gyara kuma sai an yashe rijiyar. Gwaggonka ba ta san sunan ƙwayar cuta ba, amma ta ga shekarun amai da gudawa da idonta.

Abin da ya ba ni dariya, a ƙasan saƙon ka nemi ra'ayina kan watannin ƙanƙara na sararin samaniya da kake karantawa, ba ka lura tambayar duk ɗaya ce ba.

Yuropa wata ne na duniyar Jupita, wadda malamanmu ke kira Mushtari. Masanin taurari Galileo ya hango shi a 1610. Samansa ƙanƙara ce mai kaurin kilomitoci, amma masana sun ƙiyasta cewa a ƙarƙashinta akwai teku mai gishiri, ruwansa ya kai ninki biyu na duk tekunan duniyarmu. Ba rana ke hana shi daskarewa ba. Jupita ce ke jan watan tana matsa shi tana saki, kamar mai murza ƙullu, zafi na tasowa daga ciki. Enseladus, wani wata na duniyar Zuhal, shi ma haka, ɗan ƙarami, faɗinsa kamar kilomita 500. A 2005 kumbon Cassini ya gan shi yana fesa ruwa sama ta tsagogin kudancinsa, daga baya aka sami gishiri da iskar haidurojin a cikin feshin. Shi ya sa ake zaton ko akwai rai a waɗannan tekuna. Har yau dai ba a ga ko ƙwayar halitta ɗaya ba, kada zumuɗi ya kwashe ka.

To, dubi abin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi. Da man kumbon Galileo ya kusa ƙarewa a 2003, da gangan aka tura shi ya ƙone a cikin Jupita. Cassini ma haka aka yi masa a Zuhal, ran 15 ga Satumba 2017. Dukiya mai ɗimbin yawa, aka ƙona! Tsoronsu kada kumbon ya faɗa kan watan ɗauke da ƙwayoyin cutarmu. In hakan ta faru, gobe aka tsinci wani abu mai rai, wa zai rantse ɗan gida ne ko baƙon da muka kai? Can kuma babu mai yasa. Tun 1982 marubucin ƙagaggun labarai Arthur C. Clarke ya rubuta littafin da a cikinsa aka gargaɗi 'yan Adam kada su sauka a Yuropa. Shi kumbon Europa Clipper da ya tashi a Oktoban 2024 sai 2030 zai isa, kuma ba zai sauka ba, leƙe zai riƙa yi yana wucewa, kusan sau 50. In Allah ya kai mu, kai za ka karanta mini sakamakon, idon ya fara gajiya.

In za ka zo Babbar Sallah, ka taho wa Gwaggo da sabuwar igiya, ta gugan ta fara cinyewa. Ka gaishe mini da mutan gidan.

Baffanka.