Amsa: Zamiya a kan igiyar ƙarfe lokacin hutu

Ɗan'uwa na Garwa, ka tambayi abin da kai da uwargida za ku tarar idan kuka je wasan zamiya a kan igiyar ƙarfe lokacin hutu, wato inda mutum ke rataye a jikin igiyar yana zamewa daga wuri mai tsayi zuwa ƙasa. Za a fara auna nauyinku, yawancin wurare iyakarsu wajen kilo 120 ce. Sai ɗamarar ƙugu da cinya, hular kwano da safar hannu. Ka duba da idonka cewa ƙugiya biyu aka maƙala maka.

Babbar riga da silifas a bar su a masauki. Uwargida ta cusa bakin hijabinta cikin riga, don ƙaramar tayar da ke gudu kan igiyar tana cafke tufa. Kada hannu ya shiga gabanta, yatsu take murƙushewa. Mara nauyi kan maƙale kafin ƙarshe idan iska ta tare shi, sai ya juya baya ya jawo kansa da hannu. In hadari ya taso ana cida, kada ku hau.